Alƙali Landis ya haɗa ayyuka biyu ne?

Ka tambaya ko Kenesaw Mountain Landis ya riƙe alƙalancin tarayya da shugabancin wasan besbol a lokaci guda. Haka ne. Shugaban Amurka Theodore Roosevelt ne ya naɗa shi alƙali a Chicago a 1905, ya karɓi aikin besbol a ƙarshen 1920, bai ajiye alƙalancin ba sai 1922.

Abin da na lura masu karanta shari'ar Amurka suna mantawa shi ne, alƙalin tarayya a can ba mai korarsa sai majalisa ta tsige shi. An yi yunƙurin tsige Landis a 1921, bai je ko'ina ba. Amma a ganina lauyoyin da suka soke shi kan haɗa ayyukan biyu suna da gaskiya: albashin alƙalanci dala 7,500 ne a shekara, na besbol kuwa ya ninka shi fiye da sau biyar.