Daga ina sabon ƙashi yake fitowa bayan karaya?

Malama, Allah ya ba ƙaninki lafiya. Kin ce babur ya kayar da shi a Tudun Wada ta Gombe, ƙafa ta karye, kuma kina mamakin inda sabon ƙashi zai fito.

Daga cikin jikinsa ne. A ɓargo da kuma siririyar fatar da ta rufe ƙashi akwai ƙwayoyin asali, wato ƙananan ƙwayoyin halittar jiki da ba su riga sun kama aiki ba. Za su iya zama kitse, guringuntsi ko ƙashi. Idan ƙashi ya karye, jini yana taruwa ya daskare a wurin, sai sinadarai irin su BMP da Wnt su aika musu da saƙo. Saƙon yana kunna wani sinadari mai ba da umarni da ake kira Runx2 a cikinsu, sannan wani irinsa mai suna Osterix, daga nan sun zama ƙwayoyin gina ƙashi. Runx2 ɗin nan ba ƙarami ba ne: a 1997 an nuna cewa ɓeraye da aka cire musu shi ana haifarsu da guringuntsi kawai, ƙashi bai yi ƙwari ba.

Ƙwayoyin ginin suna shimfiɗa zaren furotin mai laushi da ake kira kolajin, ma'adinan kalsiyam da fosfet su biyo baya su ƙanƙame shi, kamar rodi da siminti. Wasu daga cikin ƙwayoyin ginin suna binne kansu a ciki suna lura da nauyin da ƙashin ke ɗauka.

Duk aikin nan yana buƙatar jini, shi ya sa nake damuwa da ɗauri mai matsewa sosai, domin yana hana jini isa wurin. Ku kai shi asibiti a ɗauki hoto tukuna. Ya sha madara, ya sami hantsi, idan yana shan taba ya ajiye ta.