Hodar gawayi, buroshi da maganin tsutsar haƙori: me ya kamata a saya?

Ina cin goro tun ina saurayi, yanzu haƙorana sun yi ja. Na ga ana tallar wata hodar gawayi a Facebook, wai cikin mako ɗaya take mayar da haƙori fari fat. In saya? Daga wani tela a Zariya.

Malam, riƙe kuɗinka. Bari in faɗa maka yadda haƙori yake, sai ka yanke hukunci da kanka.

Haƙori hawa uku ne. Na waje shi ne farin ɓawon nan mai ƙyalli, kuma duk jikin ɗan Adam babu abin da ya kai shi tauri, har ƙashi. Sai dai ƙashi in ya karye yakan haɗe, shi kuwa wannan ɓawo in ya zaizaye ya tafi ke nan, jiki ba ya yin sabo. A ƙarƙashinsa akwai hawa na biyu mai launin ruwan ɗorawa, cike da ƙananan kafofi da suka nufi tsakiyar haƙori, wato hawa na uku, inda jijiya da hanyoyin jini suke.

Aikin hodar gawayi kankara ne, irin yadda ake dirje gindin tukunya da toka da yashi. A makon farko za ka ga haske, domin jan goron da ke sama ya fita. Amma in ka ɗore, ɓawon zai yi ta sirancewa har launin ɗorawar da ke ciki ya bayyana. Wato ka biya kuɗi don fari, ka tashi da haƙoran da suka fi na da duhu, ga zugi duk lokacin da ka kurɓi ruwan randa ko shayi mai zafi. Masu haɗa ta da lemun tsami kuwa sun fi kowa ɓarna, don tsami narkar da ɓawon yake yi.

Abin da zai fisshe ka shi ne wankin haƙori a asibiti. Na san ana cewa wankin yana sa haƙori girgiɗi ko ya buɗe wushirya. Ba haka ba ne. Dattin da ya daskare ya zama kamar dutse shi ne ya riga ya cinye dasashi, ya cike gurbin. Da aka cire shi sai ramin ya fito fili, aka ɗora wa likita laifi. Bayan wankin, duk sa'ad da ka ci goro ka kurkure baki da ruwa. Ban ce ka daina ba, na san ba za ka ji ba.

Maigidana aswaki kawai yake yi, ya ce buroshi ɓata kuɗi ne. Ni kuma mai tauri nake saya don ya fi fitar da datti. Wa ke da gaskiya? Daga wata uwargida a Maraɗi.

Hajiya, kowa ya samu, kowa ya rasa. Aswaki sunna ne, kuma yana goge haƙoran gaba tas in an iya riƙe shi, ana kuma yanke bakinsa a kai a kai. Inda yake gazawa shi ne turamen can ƙurya da bayan haƙora ta wajen harshe. Maigida ya ci gaba da abinsa lokutan alwala, ya ƙara da buroshi safe da dare. Na daren ya fi muhimmanci, domin yawu yana raguwa in an yi barci.

Ke kuma ki bar mai taurin nan, yana janye dasashi ya bar saiwa a waje. Sayi mai laushi da ɗan ƙaramin kai, ki sauya shi bayan wata 3. Wajen makilin kada tsada ko ƙamshi su ruɗe ki. Juya kwalin ki nemi sinadarin fuloraid, mai ƙarfafa ɓawon haƙori, tsakanin 1,350 zuwa 1,500 ppm (ma'aunin yawan sinadarin ke nan) ga manya. Ki yi minti 2 kina gogewa, ki tofar, amma kada ki kurkure da ruwa nan take, ki bar sinadarin ya zauna.

Ɗana ɗan shekara 7 turminsa ya yi kogo. Kakarsa ta ce a sayo maganin tsutsar haƙori a kasuwa, ai zai faɗi in ya yi famfara. Daga wata uwa a Gombe.

'Yar'uwa, babu tsutsa a haƙori. Ƙwayoyin cuta ne ke cin ragowar sukari, alewa da lemon kwalba, su fitar da tsami, tsamin ya huda ɓawo. Saboda haka babu abin da maganin kasuwa zai fitar.

Abin da ya fi damuna shi ne wane haƙori ne. Haƙoran yarinta 20 ne, na manya 32, kuma turmin farko na dindindin yana tsirowa ne wajen shekara 6, a bayan na yarinta, ba tare da wani ya faɗi ba. Shi ya sa iyaye da yawa ke ɗaukarsa na famfara. Buɗe bakinsa ki ƙirga daga tsakiyar haƙoran gaba zuwa baya: in na shida ne, babu wani da zai maye gurbinsa. Ki lallaɓa Kaka da girmamawa, ki kai shi a cike kogon tun bai kai jijiya ba. Kafin nan kada a ɗora masa ƙwayar asfirin a dasashi, ƙona shi take yi. In kuma kuncinsa ya kumbura ko zazzaɓi ya shiga, a tafi asibiti a ranar.