Tambayoyinku: Me ya sa gwanayen foka suke da wasan da suke so da wanda suke gudu?

TAMBAYA: Malam, ina gaisuwa. Ina yawan kallon gasar kartar foka a YouTube, kuma wani abu yana ɗaure min kai. Wasu manyan 'yan wasa ba sa rabuwa da Texas Hold'em, wasu sai ka ji sun ce sun koma Omaha, wasu dattawa kuma ba sa zama sai a teburin da ake gauraya wasanni. Tunda karta ɗaya ce mai kati 52, me ya kawo wannan zaɓe-zaɓe? Ko akwai wanda ya fi sauƙin ci ne?
Daga wani mai karatu

AMSA: Ina amsawa, ɗan'uwa. Ni ma na daɗe ina zaton sha'awa ce kawai, kamar yadda wani ke son dara wani ke son ludo. Daga baya na gane cewa wanda foka ta zame wa sana'a, abokan wasa yake dubawa kafin ya dubi wasan. Tambayarsa kullum ita ce: a wane teburi ne na fi mutanen da ke zaune iyawa, kuma nawa ne a gabansu? Su da kansu kifi suke kiran ɗan wasan da bai iya ba, kuma masunci ba ya jefa koma a ruwan da ya san babu komai don kawai ruwan ya yi masa kyau.

Hold'em ita ce babbar kasuwa, kuma tarihi ne ya ba ta wannan matsayi. An fara gasar foka ta duniya, World Series of Poker (WSOP), a 1970 a gidan cacar Binion's Horseshoe da ke Las Vegas, kuma tun 1972 kuɗin shiga babbar gasarta dala 10,000 ne, ana buga Hold'em marar iyaka, wato wadda mutum ke iya tura duk abin da ke gabansa a kowane lokaci. Shekaru da dama abin na 'yan tsiraru ne. Sai aka ƙirƙiro ƙaramar kyamarar da ke nuna wa mai kallo katin da ɗan wasa ya ɓoye, talabijin ta samu abin nunawa. Sannan a 2003 wani akanta daga jihar Tennessee, Chris Moneymaker, wanda ya samu kujerarsa ta wata ƙaramar gasa a shafin PokerStars, ya doke kowa ya tafi da dala miliyan 2.5. Mutum 839 ne suka shiga a shekarar. A 2006 sun kai 8,773. Duk mai ɗan kuɗi a aljihu ya ga kansa a Moneymaker, kuma wasan da ya gani a talabijin shi ya zo nema. Gwanaye suka tarbe su a can. Kati biyu ne kawai a hannu, sai biyar da ake buɗewa a tsakiya don kowa, ana koyon dokar cikin minti goma, shi ya sa har yau ko wane gidan caca ka shiga teburin Hold'em ne ba ya rasa mutane.

To amma kasuwar da ta cika, 'yan kasuwa ma cika suke yi. Kati biyu daga cikin 52 suna iya haɗuwa ta hanya 1,326, kuma in ka tattara masu kama da juna sai su koma iri 169. Wannan adadi ne da mai naci zai iya haddacewa, kwamfuta kuwa ba ta ɗauke shi komai ba. A 2015 masu bincike a Jami'ar Alberta ta Kanada suka fito da wata manhaja mai suna Cepheus wadda ta warware Hold'em mai iyaka (wadda aka ƙayyade abin da za a iya zubawa a kowane zagaye) ta mutum biyu, ta yadda ko ka shekara saba'in kana wasa da ita ba za ka ci riba ba. A 2017 Libratus ta Jami'ar Carnegie Mellon ta zauna da gwanaye huɗu a Pittsburgh, aka raba hannu 120,000 na marar iyaka, ta lallasa su. A 2019 Pluribus ta yi haka a teburin mutum shida. Abin da ya fi damun gwani ma ba waɗannan ba ne, tunda ba da su yake zama ba. Manhajojin horo irin su PioSolver ne, waɗanda kowa ke iya saya ya kwana yana bita. Yaro ɗan shekara ashirin da biyu yau ya san abin da sai da tsofaffi suka yi shekara talatin suna asara kafin su sani. Ratar da ke tsakanin gwani da mai bi masa ta tsuke, kuma daga wannan ratar gwani yake cin abinci.

Nan ne Omaha ta shigo. Kati huɗu ake ba ka, kuma haɗuwarsu ta kai 270,725. Dokar da ke kayar da baƙi ita ce dole ka yi amfani da kati biyu cif daga hannunka da uku daga na tsakiya, ba ƙari ba ragi. Na taɓa gwada wa wani abokina wannan a gida, muna ƙirga da tsinken ashana. Kati huɗu masu alamar zuciya suka fito a tsakiya, shi kuma yana riƙe da as (kati mafi girma) na zuciya guda ɗaya tal, sauran ukun baƙaƙe. Ya tura duk ashanarsa yana murmushi, don a Hold'em wannan hannu ne da da wuya a doke shi, tunda ya haɗa kati biyar masu alama ɗaya. Na buɗe nawa, ƙananan zuciya biyu, uku da shida. Ya ce ai ya ci. Na ce ƙirga: biyu daga hannunka. Ya dubi katinsa ya sake duba, ya ga ba shi da komai sai as ɗin nan tsirara. Sai da muka yi gardama ta kusan rabin awa kafin ya yarda. Mutanen da ke baro Hold'em suna zuwa da irin wannan ɗabi'a, suna ganin hannu mai kyau inda babu, kuma gwanin Omaha yana zaune yana jiransu.

Akwai wani abu kuma da ya fi wannan zurfi. A Hold'em, in kana da as biyu wani yana da sarki biyu, kuka tura komai kafin a buɗe na tsakiya, kusan sau 82 cikin 100 kai za ka ci. A Omaha, as biyu da wasu kati biyu a gaban hannu mai kyau, sau da yawa kashi 60 ne ko kusa da haka. Za ka ce ai wannan ya rage wa gwani ƙarfi. Haka ne a hannu ɗaya. Amma dubi abin daga wajen attajirin da ya zo shaƙatawa. A Hold'em zai zauna awa biyu yana yar da kati, in ya shiga kuma a cinye shi, ya tashi yana jin an raina masa hankali. A Omaha kusan kowane hannu yana da abin fata, yana ci yau a ci shi gobe, yana ganin sa'a ce kawai ta ƙi shi. Gobe zai dawo. Gwani ya fi son mutumin da zai yi shekara biyar yana asara a hankali a kan wanda za a kwashe dare ɗaya ya rantse ba zai ƙara ba. Kuɗin da gwani ke biya a nan shi ne hawa da saukar jari. Wanda ya fi kowa iya Omaha yana iya yin watanni yana nutsewa, don haka sai mai jari mai kauri da zuciya mai sanyi. Na ga waɗanda suka iya lissafin sarai amma ba su iya barci bayan mummunan dare ba, irinsu Hold'em ta fi musu. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

In kana son ka ga hujjar cewa mai kuɗi ne ke zaɓen wasa, dubi Short Deck. Ana cire biyu, uku, huɗu da biyar, karta ta koma kati 36. As biyu da ke zuwa sau ɗaya cikin 221 a Hold'em, a nan sau ɗaya cikin 105 ne. Attajiran da ke wasa a Makau, birnin caca na ƙasar Sin, ne suka so shi saboda ba a zaman jira, sai ga manyan Amurka irin su Phil Ivey da Tom Dwan sun tsallaka teku sun koye shi, har WSOP ta sa shi cikin gasarta a 2019. Kafin nan ma an ga irin haka da Andy Beal, mai banki daga Texas, wanda tun 2001 ya riƙa zuwa Las Vegas yana cewa shi Hold'em mai iyaka yake so, mutum biyu kawai, a kan kuɗin da ko gwanayen ba su da shi ɗaiɗaiku. Ba su ce masa a'a ba. Haɗa jari suka yi suna karɓa-karɓa, har a 2006 Ivey ya ci shi dala miliyan 16.6 cikin kwana uku.

Su kuwa dattawan da ka ambata, dalilinsu daban ne, kuma ni ya fi burge ni. A manyan tebura, irin na ɗakin da aka daɗe ana kira Bobby's Room a otal ɗin Bellagio, kowa gwani ne. In aka ce wasa ɗaya za a buga, wanda ya fi kowa ƙwarewa a kansa zai cinye sauran, gobe babu mai zuwa. Stu Ungar ya ɗanɗana wannan a wani wasan karta mai suna gin rummy: ya iya har aka daina zama da shi, dole ya koma foka, inda ya ci babbar gasar WSOP a 1980, 1981 da 1997. Maganin da suka samo shi ne a riƙa juya wasanni, kowane ɗan lokaci a canza. Mai ƙarfi a Stud, wani nau'in foka, yana haƙuri da zagayen Omaha yana jiran nasa, kowa yana ganin akwai inda ya fi. Da wannan tunanin ne teburi ke rayuwa, ko da rabinsu ruɗin kansu suke yi.

Batun gasa da wasan tsabar kuɗi ba zan ja shi ba. A gasa kusan mutum 15 cikin 100 ake biya, babban kuɗin yana can ƙoli, shi ya sa 'yan gasa da yawa ke sayar da wani kaso na abin da za su ci ga masu zuba jari. Ladarta suna ne da kwangilar talla. Mai wasan tsabar kuɗi ba a san shi ba, amma shi ke zaɓen teburinsa, ya tashi lokacin da ya ga dama.

TAMBAYA: Malam, in na dage na ƙware a Omaha, zan iya mayar da ita sana'a?
Daga wani matashi

AMSA: Ƙanena, ban ba ka shawara ba. Caca ce, kuma gidan caca yana cire kamasho daga kuɗin tsakiya a kusan kowane hannu, wani wuri kashi 5 cikin 100, wani har 10, da iyakar da ba a wucewa. A ƙananan tebura wannan kamasho shi ke cinye ɗan fifikon da kake taƙama da shi. Bai isa ka fi abokan wasanka ba, sai ka fi su da ratar da ta wuce abin da gida ke ɗauka. Sunayen da na ambata a sama an san su ne don su ne suka tsira. Ungar ma, da duk baiwarsa, ya mutu a 1998 a wani ɗakin otal a Las Vegas ba shi da dukiyar kirki.

TAMBAYA: Kai wanne ka fi son kallo?
Daga wata mai karatu

AMSA: Malama, Stud, ba tare da wani tunani ba. Kati bakwai ake ba kowa, uku a rufe huɗu a buɗe, babu na tsakiya. Duk wanda ya janye, ana kwashe katinsa da aka gani, kuma aikinka ne ka tuna abin da ya wuce. In kana neman tara, alhali tara biyu sun riga sun fita a hannun waɗanda suka janye minti ɗaya da ya wuce, to kana bin abin da kusan babu shi. Talabijin ba ta son wasan don yana da nawa kuma ba a tura komai gaba ɗaya, ni kuma abin da nake so ke nan: ka ga dattijo bai ce uffan ba, idonsa na bin kowane kati kamar mai ƙirga awaki da yamma. Akwai ɗan'uwansa Razz, inda mafi ƙanƙantar hannu ke ci, wanda 'yan wasa ke zagi amma ba sa bari.

Shi ya sa a duk shekara gasar da nake jira ita ce ta dala 50,000 da WSOP ta fara a 2006 da wasanni biyar a haɗe. Chip Reese ne ya ci ta farko, kuma bayan rasuwarsa a 2007 aka sa wa kofin sunansa. Tun 2010 ake kiranta Poker Players Championship, aka ƙara yawan wasannin. Michael Mizrachi ya ɗauke ta a 2010, 2012, 2018 da 2025, kuma a wannan shekarar ta ƙarshe ya haɗa da babbar gasar Hold'em ɗin ma.