Tambaya da Amsa: Wani ya same ni a catin din poka, yace mu rika fada wa juna katinmu da Hausa

TAMBAYA

Assalamu alaikum Yaya, barka da aiki. Dan Allah ka boye sunana. Ni dalibi ne a Zariya, kusan wata biyar kenan ina buga wasan katin nan na poka a waya, irin wadda ake shiga ta Facebook din nan, kuma wallahi ba da kudi nake yi ba, kwandalolin wasa ne da suke bayarwa kyauta kullum. Matsalata wajen hirar nan ce da ke gefen tebur. Akwai wani da duk sanda ya cinye ni sai ya turo hoton dariya ya bi ni da bakar magana, ni kuma raina ya baci in zuba duk abinda nake da shi don in rama, karshe in tashi ba ko daya. To satin da ya wuce wani ya ga sunana ya min sallama da Hausa, naji dadi sosai don ban taba haduwa da Bahaushe a wajen ba, muka yi musayar lamba muka koma WhatsApp. Yanzu yace yana sayar da kwandaloli da araha, kuma akwai wani shafi da ake buga ta kudin gaske, in muka zauna tebur daya sai mu rika fada wa juna katin da ke hannunmu da Hausa tunda ba mai ji, mu raba riba. Yaya meye shawararka? Kuma catin din nan dole ne a wasan?

Kaninka daga Zariya

AMSA

Wa alaikumus salam kanina, Allah ya bada sa'ar karatu. Bari in fara da mai saukin. A'a ba dole bane, kusan duk manhajojin poka suna da inda ake kashe hira a setin ko a toshe mutum daya, kuma in ka kashe hirar, katin da za a raba maka ba zai canza ba.

Amma ina so ka gane me yasa wancan mai turo maka bakar maganar yake maka abinda yake yi, don ba rashin tarbiyya kadai bane, aiki yake. Ita poka irin wadda kuke bugawa, Texas Hold'em, kati 52 ne, kowa a ba shi biyu a rufe, sannan a shimfida biyar a tsakiya, uku tashin farko sai daya sai daya. Gaba daya wasan ya tsaya ne a kan kada a san abinda ka rike. In a tebur na zahiri ne mutane fuskarka suke kallo, da rawar hannu, da yadda ka hadiye yawu. A waya babu fuska, abinda ya rage a karance ka da shi shine nawa ka zuba, tsawon lokacin da ka dauka kafin ka zuba, sai kuma abinda ka rubuta. Kaga kenan wannan dan akwatin hirar shine fuskarka. Mutumin da yake ta surutu sai kawai yayi tsit, ana iya zargin kati mai kyau ya fado masa, wanda kuma ya fara cika baki yana cewa ku biyo ni in kun isa, sau da yawa burga ce. Shi kuma mai zagin ya riga ya gano cewa in ya taba ka zaka zuba duka da katin banza, masu wasan har suna suka sa wa wannan halin, tilt suke cewa, wato zuciya ta kwace wa mutum lissafi. Kai kanka ka fada, duk sanda ya tsokane ka tashi kake ba ko daya. To me zai sa ya daina?

Na taba zama a teburin mai shayin layinmu kusa da wani yaro yana wannan wasan, shayinsa har ya huce yayi fata a sama, babban yatsansa na ta rubuta martani yana gogewa yana sake rubutawa don ya samo wadda zata fi zafi, ni ina hango agogon wasan yana karewa shi bai gani ba, lokaci ya cika manhajar ta jefar masa da kati, kuma sarki biyu ne a hannunsa, kati masu karfi sosai. Ya dafe kai kamar an masa rasuwa. Abinda ya tsaya min a rai shine an kira isha'i an idar yana nan bai motsa ba.

Yanzu maganar dan uwan naka Bahaushe, wadda ita ce ta fi damuna. Nasan dadin da mutum yake ji in ya ji yarensa a inda bai zata ba, ba laifinka bane da ka amsa sallama. Sai dai ka duba abinda ya biyo bayan sallamar. Abinda ya kira ka gare shi sunansa hadin baki, wato ku biyu ku san kati hudu sauran mutanen tebur kowa ya san biyu, cuta ce tsagwaronta ko a wajen su masu cacar. Don irin wannan ne manyan shafuka kamar PokerStars suka sa dokar cewa a yawancin teburansu da Turanci kadai ake rubutu, kuma ba a maganar kati alhali zagayen bai kare ba. Suna ajiye tarihin kowane zagaye, in suka ga mutum biyu kullum tebur daya, basa taba cin juna sai dai su ci na uku, rufe asusun suke su rike kudin da ke ciki. Shi yasa ya ja ka WhatsApp inda ba mai gani.

Kuma kanina, ni ban ma yarda cewa wasu zaku cuta tare ba. Ruwa baya tsami banza. Ka fada masa katinka, kai da me zaka tabbatar nasa gaskiya ya fada maka? Ka sani ko na ukun da na hudun a teburin nasa ne, ko ma shi din ne da wata wayar? Mutumin da ya san katinka biyu ya gama da kai, zai bar ka ka ci sau biyu sau uku kaji dadi ka karo kudi, ranar da ka zuba kudin makaranta ranar zai kwashe.

Kwandalolin arahar ma haka. Kamfanin Zynga da ya fito da tasa pokar a Facebook a 2007 ya hana saye ko sayar da su ta bayan fage, kuma ba a mayar da su kudi. Duk da haka kasuwar bayan fagen tana nan, har a 2011 kotu a Ingila ta daure wani mutum shekara biyu saboda ya yi kutse ya sace kwandala biliyan 400 yana sayarwa. Masu irin wannan tallan ko dai ka tura kudi su toshe ka, ko suce ka basu bayanan shiga Facebook dinka zasu loda maka, ko su turo linki, daga nan sai kaji ana cewa karanto min lambar da ta shigo wayarka yanzu. Kada ka karanta wa kowa, kada ka bada BVN, kada ka danna linkin. In ya kawo maka labarin Chris Moneymaker da ya fara daga intanet ya ci dala miliyan biyu da rabi a Las Vegas a 2003, labarin gaskiya ne, amma su 839 suka shiga gasar.

Ba zan boye maka ba, da zarar kudin gaske ya shiga to caca ce, ba ta da wani suna. Ka bude Suratul Ma'ida aya ta 90 da 91 ka karanta da fassara, ta biyun tace Shaidan so yake ya jefa gaba da kiyayya a tsakaninku ta hanyar giya da caca, ya kange ku daga ambaton Allah da sallah. Ka dora wannan a kan abinda ka rubuto min na zagi da bacin rai, alhali ko sisi ba a sa ba tukuna. Hukuncin yin ta ba kudi wannan ka kai wa malaminka, shi ya fi ni sani, ni dai abinda na gani a wasikarka shine wata biyar ta kawo ka har bakin ta kudi, kuma ta akwatin hira aka biyo.

Tunda lambarka ta riga ta shiga hannunsa, yau din nan ka dauki hoton hirar taku ka ajiye, ka toshe shi a WhatsApp da cikin wasan, ba sai ka masa bayani ko sallama ba don zai yi ta lallashi. Ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp da Facebook, ka canza kalmar sirri, ka cire cikakken sunanka da hotonka daga wasan. In bakuwar lamba ta kira ka cikin kwanakin nan tace daga banki ne, kashe wayar ka taka da kafarka zuwa reshen bankin ka tambaya.