Kafin ka taya tsohuwar Marsandi a gwanjon intanet

Tambaya: Barista, ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya hau Marsandi 300D, kuma na daɗe ina neman irinta. Na ga wata ƙirar 1979 a gwanjon Bring a Trailer na Amurka, saura kwana huɗu a rufe. Ƙanena da ke zaune a Houston zai taya da sunansa, ni in tura kuɗi. Idan na taya na ga ban iyawa, zan iya janyewa? In kuma ta iso ba yadda aka siffanta ta ba, wa zan kama?

Amsa: Alhaji, Allah ya jiƙan baba. Zan fara da abin da ba ka tambaya ba, don shi ne ƙashin bayan maganar. Motar nan ta haura shekara 40, kuma jerin kayan da Kwastam ta haramta shigowa da su Najeriya ya haɗa da motocin da suka tsufa. Da can iyakar shekara 15 ce daga shekarar ƙira, aka dawo da ita 12. Ka ga kenan kana iya cin gwanjo, ka biya, ka ɗora ta a jirgi, ta iso tashar jiragen ruwa ta Tin Can a Legas ta zama kayan da aka kama. Wani zai ce a sauke ta Kwatano a shigo ta ƙasa. Tun 1 ga Janairun 2017 aka hana shigo da mota ta iyakokin ƙasa, wannan hanya sunanta fasa-ƙwauri, ko da dillali ya sa mata wani suna. Kada ka dogara da "za mu san yadda za a yi" na ejan mai fito da kaya daga tasha. Ka sa ya nemo maka matsayin Kwastam a rubuce a kan wannan motar, da lambar shasinta. Kwana huɗu ba za su isa ba, ni kuwa na fi son ka rasa wannan gwanjon da ka rasa kuɗinka.

Batun janyewa. A kasuwa in ka taya mai kaya ya ce albarka, kowa ya kama gabansa, kuma kafin ya sallama kana da damar fasawa. Dokar ciniki ta jihohin Amurka, sashe na 2-328, haka ta tafi: ciniki bai faɗa ba sai an buga guduma, kuma mai tayi na iya janyewa kafin nan. Amma ƙanenka, ranar da ya buɗe asusu, ya amince da ƙa'idojin dandalin, waɗanda suka ɗauki tayi a matsayin alkawari. Ana riƙe katin banki tun daga tayin farko. Da an rufe kana sama, za a cire la'adar kashi 5 cikin ɗari daga katin, ban da kuɗin motar da za ka biya mai ita kai tsaye. Ka fasa bayan nan, kada ka sa ran la'adar za ta dawo, ana iya rufe asusun, kuma mai motar na da ikon sake sayarwa ya bi ƙanenka gibin da aka samu. Ka lura, ƙanenka na ce. A idon doka shi ne mai saye, shi za a kai ƙara, motar ma tasa ce har sai ya rubuta maka takardar sayarwa ko ta wakilci. 'Yan'uwantaka ba ta hana rubutu, musamman saboda ranar rabon gado.

Tarko na gaba yana mintunan ƙarshe: duk tayin da ya shigo ana dab da rufewa yana ƙara minti biyu a agogo. A nan zuciya ke ɗibar mutane. Ka rubuta iyakarka a takarda tun da safe, bayan ka lissafa la'ada, jigila zuwa tashar jirgi, inshora da gyara, ka gaya wa ƙanenka kada ya wuce ta ko da kai ne ka kira kana roƙonsa. Ka kuma duba ko mai motar ya ajiye farashin da ba zai sallama ƙasa da shi ba. In tayi bai kai can ba, babu ciniki ko kai ne a sama. Idan kuwa ta tabbata ya sa wani yana taya masa don zuga farashi ba tare da an sanar ba, abin da malamanmu ke kira najashi kuma hadisi ya hana, wancan sashen ya ba mai saye zaɓi: ya warware cinikin, ko ya karɓi motar a kan tayin gaskiya na ƙarshe. Tabbatar da hakan ne aiki.

Wa za ka kama in ta zo da aibi? Ba dandalin ba. Shi dillali ne da ya haɗa ku, yarjejeniyar tsakanin ƙanenka ce da mai motar. Kuma irin waɗannan motoci ana sayar da su ne a yadda suke, ba garanti, sharaɗin da doka ta amince da shi. In giya ta fara shura bayan wata guda, naka ne. Abin da sharaɗin bai wanke ba shi ne ƙarya ƙarara. Idan ya rubuta cewa injin na asali ne ko ba ta taɓa haɗari ba, aka gano akasin haka, akwai hanyar ƙara. Saboda haka ka yi tambayoyinka a rubuce, ka adana amsoshin da hotunan tallar. "Tana tafiya lafiya lau" yabon kaya ne, kotu ba ta cika kama mutum da shi ba. "An sake fenti? Akwai tsatsa a ƙarƙashin batir da wuraren sa jak?" su ne tambayoyin da amsarsu ke ɗaure mutum, kuma nan ne wannan ƙirar ta fi ruɓewa. Ƙarar ma a can za a yi ta, da lauyan can da dalar can, wani lokaci kuɗin shari'ar ya fi na motar. Biyan bakanike mai zaman kansa ya ɗaga ta ya leƙa ƙasanta kafin tayi ya fi arha nesa ba kusa ba.

Kada mitar nisan tafiya ta ruɗe ka. Dokar Amurka ba ta wajabta wa mai motar da ta tsufa haka ya rantse a kan nisan da ta yi ba, kuma mitar waɗannan Marsandi ta yi suna wajen tsayawa cak mota na ta tafiya. Lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 sai a 1981 ta zama dole, don haka Carfax, kamfanin da ke bayar da tarihin motoci, ba zai ba ka tarihin ƙirar 1979 ba. Rasidan gyara su ne shaidarka.

Sai takardar mallaka. Wasu jihohin ba sa bayar da ita ga motocin da suka tsufa sosai, alhali Kwastam ɗin Amurka na son ganin shaidar mallaka ta asali aƙalla awa 72 kafin a fitar da mota. Ka nemi hotonta gaba da baya, sunan da ke kai ya zama na mai sayarwa, lambar ta dace da ta jikin shasi, kuma ba banki mai bin bashi a rubuce.

In Kwastam ba ta ba ka hanya ba, zaɓi biyu ya rage. Ko ƙanenka ya saya ta zauna Houston, ka riƙa hawa in ka je. Ko ka nemi wadda ta riga ta shigo tun zamaninta, don wannan ƙirar ta cika titunanmu a shekarun 1980 kuma har yanzu ana samun ta a rufe a garejin gidaje. Ni wannan zan bi. In ka samu, kafin ka ba da kafin alƙalami ka kawo min takardun in duba, kuma in motar gado ce, sai magada duka sun sa hannu.