Ko yawu zai iya maye gurbin jinin da ake ɗiba a jikin bakwaini?

'Yar'uwa, Allah Ya ba yaron lafiya. Kin ce ɗanki bakwaini ne, yana kwance a wani asibiti nan Legas, ana yawan ɗibar jininsa don duba yawan maganin da ke cikin jinin, kina tambaya ko yawu ba zai wadatar ba.

Damuwarki tana kan hanya. Bakwainin da nauyinsa bai wuce kilo 1 ba, jinin jikinsa gaba ɗaya bai wuce mililita 100 ba, don haka yawan ɗiba kan jawo masa ƙarancin jini.

Yawu yana aiki, amma ba ga kowane magani ba. Abin da ke tsallakawa cikin yawu shi ne kason maganin da bai manne da furotin na jini ba. Maganin kafeyin (caffeine), wanda ake ba bakwaini don kada numfashinsa ya riƙa tsayawa, yana fitowa sosai a yawu. Haka wasu magungunan farfaɗiya, irin su finobabiton da fenitoyin. Jentamaisin kuwa, allurar kashe ƙwayoyin cuta da ake yawan yi wa jarirai, ba ya shiga yawu yadda za a dogara da shi, kuma shi ne wanda in ya yi yawa yake taɓa ƙoda da ji.

Ga kuma wahalar tara yawun: bakin jariri ɗan digo yake bayarwa, ragowar nono ko maganin sha na iya ɓata sakamako, auna shi kuma sai da na'ura mai tsada.

Ki tambayi likitan sunan maganin, da ko za a haɗa gwaje-gwajen a ɗiba ɗaya.