Takardar wakilci a hannun Yaya, Baba kuma ba ya cikin hayyacinsa

Tambaya: Kafin shanyewar jiki ta taɓa hankalin mahaifinmu, ya ba babban yayanmu takardar wakilci kan asusunsa da gidajen haya. Yanzu Yaya yana son sayar da gida ɗaya, mun ƙi. Yana da wannan ikon? Daga wata mai karatu, Zariya.

Amsa: Allah Ya ba Baba lafiya. Ki fara sanin cewa dukiyar tasa ce, ba gado ba ce tukuna, don haka babu maganar "rabona" daga kowa.

Wakilci na yau da kullum yakan faɗi idan hankalin mai bayarwa ya gushe, a dokar ƙasa. A fiƙihu ma lamarin alƙali yake komawa. Ku samo rahoton likita, ku kai kotu ta naɗa mai kula da dukiyar. Yana iya zama Yayan ne, amma kotu za ta sa masa ido. Sayar da gida kafin hakan ganganci ne, ana iya rushe cinikin. In gidan yana da takardar mallaka ta gwamnati, Dokar Filaye ta 1978 ta sharɗanta amincewar gwamna.

Rigima galibi daga rashin lissafi take tasowa. Kuɗin haya ya shiga asusun Baba kai tsaye, kada ya gauraya da na Yaya. A ajiye rasit, a nuna wa kowa bayanan banki duk wata. Daga ciki ake biyan magani, ciyar da matan Baba, da zakka, kashi 2.5 cikin 100 idan kuɗin ya kai nisabi ya shekara.